Sunan Yankan Inna Yelwa

"Yelwa kuma?" Liman Maccido ya ɗago daga buzunsa ya dube ni. "Bube, ba a yanka rago da Yelwa. Laƙabi na. Koma ka tambayo sunanta na yanka."

Matata ce ta haifi mace, na kuma yi niyyar yi wa maƙwabciyarmu Inna Yelwa takwara. Danga ɗaya ta raba gidajenmu. Ita ta yanke wa jaririyar cibi, kamar yadda ta yanke mini nawa, washegari kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita.

Ban yi musu da liman ba, don ban yi nisa a allo ba na bar shi na bi jaki fatauci. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ban taɓa tunanin tana da wani suna ba. Tun bayan jihadi, 'yan matan unguwarmu a Tambuwal daga Nana sai Fatsuma sai Zahara'u. Yelwa kam sai a cikin tsofaffin da haƙoransu suka zube.

Na same ta kwance a tabarma, ƙwaryar kunu a gefenta har ya yi sanyi.

"Inna, mi ne sunanki?"

"Kai, ɗan nema! Ni ka ciwo, kai ka ruɗewa?"

Na faɗa mata yadda muka yi da liman. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"A Kebbe anka haihe ni, da kaka," in ji ta. "Shekaran nan gero ya cika rumbuna, saura anka jibge ƙasa anka ruhe da zana. Duk ɗiya macen da ta zo lokacin Yelwa ta. In anka kira guda a rijiya, duk mu waiwaya."

"To na yankan fa?"

"Sunan uwar babanmu anka sa mini. Wa ka iya faɗinai cikin gida? Ta rasu ina goye, kunya kuwa ba ta rasu ba."

"Ke ba ki taɓa ji ba?"

"Ranar suna ina jinjira, ban saurara ba."

"Ranar ɗaurin aure fa?"

"Maza sunka faɗe shi a zaure. Ni ina ɗaki cikin lalle ina kuka."

Ta kalli rufin ɗaki. Can ta ce yayanta Na'iya yana nan Kebbe, in dai da sauran kwana. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Bube. In ka jiyo, ka biyo ta nan kahin ka kai ma liman. Ni ma in ji."

Na kama hanyar Kebbe. Ban taɓa kora jaki ba kaya irin wannan korar ba. Duk wanda na hango ya biyo ni daga wajen Tambuwal sai in zaci saƙon rasuwa ne.

Na tarar da Na'iya a gindin tsamiya yana tufkar igiya, idanunsa sun mutu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ajiye igiyar.

"Ashe 'yar banzan nan tana raye! Har yanzu da bakin?"

"Da shi, Baba."

"Ni na riƙe ƙahwar ragon. Kakata ta, abokiyar wasata, ni ba ni jin kunyar sunan." Ya goge baki da tafin hannu. "Ni'imatu."

Na maimaita. Ya ce in ƙara, na ƙara.

"Ka ce mata bana ma gero ya yi," in ji shi.

Da hantsi na shigo gari. Ban ga taro a ƙofar gidan Inna ba, sai na yi hamdala. A ciki mata sun kewaye ta, uwata tana ɗiga mata ruwa a baki. Inna ta rame ƙwarai. Na durƙusa na kai bakina kunnenta.

"Inna, na dawo. Ni'imatu."

Idanunta ba su buɗe ba, amma leɓɓanta suka motsa a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta gwada shi, ta sake gwadawa.

"Ba laihi," in ji ta. "Ya yi mini yawa yanzu. A ba yarinya."

Na isar da saƙon Na'iya. Ban san ko ta ji ba. Kafin la'asar, Inna ta cika.

Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a zaure. Liman Maccido ya ɗaga hannu ya ce a yi wa Ni'imatu fatiha. Mutane suka ɗaga hannuwa, wasu suna satar kallon juna, wani dattijo ya karkato yana son tambayata. Ta bayan danga, jaririyar ta fara kuka.