Rabin Juyin Turnabis

"Kashe shi! Maiwada, kashe injin!"

Kafin Maiwada ya lalubo makunnin, jini ya jiƙa wandon maƙwabcinsa Manzo, mai wannan ihun, sharkaf. Sarƙar injin yankan itace ce ta kama shi a cinya, a gindin gawon da iska ta kayar bayan garin Yekuwa. Aka ɗaure wurin da rawani, aka ɗora shi a amalanke. Ba a kai ga hanyar asibitin Magariya ba rai ya yi halinsa.

Mutumin da suka sha kunu tare da Maiwada da safe!

Shekara ashirin Manzo yana gyaran kafireta, ta babur da ta inji, kuma da kunne yake aikinsa. Sai ya karkata kai, ya ɗan juya turnabis, wato sukuddireba, ya saurara kamar mai jiran gulma. Dokarsa ɗaya ce: muddin ba a matsa wuta ba, sarƙa ba ta motsi.

Jiya da Maiwada ya kai masa injinsa cewa ya yi, "Malam Manzo, a ƙara masa wuta mana, ya cika lalaci."

"Haka ya isa. In na ƙara, sarƙa za ta riƙa gudu ita kaɗai."

To Maiwada akwai kunnen ƙashi. Yau Manzo ya rako shi don a gwada injin, yana juya baya sai gogan ya zari turnabis ɗin Manzo ya ƙara rabin juyi. Rabi kawai. Manzo na tayar da injin ya ɗago a firgice. "Wa ya taɓa..." Bai ƙarasa ba sarƙar ta cafki reshe, ta yi tsalle ta dawo kansa.

A wurin zaman makoki kowa da fassararsa. "Tsufa ne," in ji wani. "Kunnensa ya yi nauyi, shi ya kuskure gyaran." Maiwada na ji, turnabis ɗin na sukarsa a aljihu.

Ran sadakar uku Laraba, matar mamacin, ta sa aka kira shi bakin zaure. Muryarta ta dishe.

"Malam Maiwada, kai kana wurin. Wai da gaske kuskurensa ne?"

Ya durƙusa. Ya ciro turnabis ɗin, ya ajiye a bakin tabarmarta.

"Kunnensa lafiya lau, Laraba. Ya ji. Ni na taɓa injin, bayan ya hana ni."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen, ba ta dubi Maiwada ba. Can ta ɗauka, ta goge baƙin man da gefen mayafinta, ta miƙe ta maƙala shi a ƙusarsa ta jikin bango, inda sauran kayan aikin Manzo ke jere.