Baƙin Man Motar Tanko

Shekara ashirin da biyu Tanko ya yi yana kamun kifi a Warra, kuma in dai maganar injin jirgin ruwa ce, ko sautinsa ya ji daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa. Wannan sanin ne ya kusa kai shi ya baro.

Shekara guda da yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ya sayar da jirginsa da injinsa da tarunsa, ya sayi tsohuwar Fijo akori-kura daga hannun wani ma'aikaci da aka mayar Birnin Kebbi. Niyyarsa ya riƙa kai bandar kifi kasuwar Yelwa da kansa. Matarsa Zulai'atu ta ce ruwa bai taɓa hana su tuwo ba, titi kuwa ba su san halinsa ba. Ya ji ta, bai fasa ba. Wata biyu motar na tafiya, sai dai hayaƙi, wanda Tanko ya ɗauka halin tsufa ne.

Ran wata Laraba da hantsi, daf da shiga Yelwa, motar ta fara shessheƙa tana tari. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe titi har masu keke na toshe hanci. Ta ja, ta ja, ta mutu. Ya murza makulli ya fi sau goma, ko motsi. Wani direba da ya tsaya ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce da alama inji ya buga. Nan Tanko ya shiga lissafi. In inji ya buga, to ba mota, ba jirgin komawa, kuma da wane baki zai gaya wa Zulai'atu?

Aka taimaka masa da turi har garejin Ishaya, wani dattijon bakanike mai ƙarancin magana, wanda ke aiki a ƙarƙashin darbejiya. Ishaya ya ɗaga bonet, ya kwance fulogi ɗaya, ya same shi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf. Ya zuƙo fetur kaɗan daga tanki ya murza a yatsa, ya sansana. Sannan ya dubi mai motar.

"Malam Tanko, mi kaz zuba ma wagga mota?"

Tanko ya amsa da ƙarfin gwiwar wanda ya san aikinsa. Ya ce bai taɓa barin ta da ƙishirwa ba. Duk jarkar fetur sai ya tsiyaya mata gwangwanin mai ya girgiza sosai kafin ya ɗura, kuma man injin jirgi yake sayo mata wurin mutumin da ya saba, don ya fi araha. Haka ya yi wa injin jirginsa shekara da shekaru, bai taɓa cin amanarsa a tsakiyar ruwa ba.

Sabo turken wawa. Ishaya bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi tsorata Tanko. Ya nuna masa wani murfi a kan injin, ya tambaye shi yaushe rabonsa da zuba mai ta nan. Tanko ya ce shi bai ma san yana buɗuwa ba.

Ishaya ya ce injin jirgi da mansa da fetur ɗinsa kwano ɗaya suke ci, na mota kuwa kowa da mazubinsa. Wanda ke cikin tanki ƙazanta ce kawai, a zubar a wanke. Abin tsoron shi ne wata biyun da aka yi ba a leƙa cikin injin ba. Ya zaro wani siririn ƙarfe, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa a hankali. Tanko ya kasa kallo, ya kau da kai yana salati a zuci.

"Duba," in ji Ishaya. "Da saura."

Can a bakin ƙarfen, kamar tsawon farce, mai ya taɓa. Baƙi ne, mai kauri kamar kwalta, amma dai yana nan. Ishaya ya ce da an ƙara sati guda, da sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Tanko ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Suka tafi wurin mai sayar da baƙin mai tare. Tanko, da tsoro ya riga ya kama shi, ya miƙa hannu ga galan mai ƙyalli da ya fi kowanne tsada. Ishaya ya ture hannun, ya ce wannan na motocin manya ne sababbi fil, tsohuwar Fijo tsiyayar da shi za ta yi. Na kwalabe da aka jera a rana kuma ko kyauta kada ya karɓa, yawancinsa tsohon mai ne aka tace. Ya ɗauko wani galan marar ado, ya duba hatimin murfin bai fashe ba, ya buɗe ya ja man tsakanin yatsu biyu.

"Wanga ya ishe ka. Ba tsada ka riƙe inji ba, juye mai kan lokaci na. Kuma kullum da sahe ka jawo ƙarhen ga ka duba, awa yadda kaka duba jirgi ko ya sha ruwa."

Sai bayan azahar aka gama wanke tanki da fulogai, aka juye tsohon mai aka zuba sabo. Tanko ya shiga ya yi bisimilla ya murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta tofar da ragowar hayaƙi, sannan ta kama, sumul. Kasuwa ta riga ta fara watsewa, amma banda ba ta lalacewa a wuni ɗaya. Ya kifa goshi a kan sitiyari yana sauraron injin, farin ciki ya cika shi har hawaye suka zubo, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

Ishaya ya bar shi ya ɗan jima, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ce ya ja ya tafi, iyali na jira.