Sa Hannun Malam Anselmo

"Ba haka ake ɗaga shi ba, Dakta Ofelia. Bari in nuna miki."

Ofelia ta saki kafaɗar tsohon ta ja da baya. Wata bakwai ke nan tana ɗaga Malam Anselmo safe da yamma, tana goge masa jiki, tana yi masa allura. Yau kuma Itatí, tsohuwar ɗalibarsa wadda shekaranjiya ta sauka daga motar Buenos Aires, ita ce za ta koya mata gyaran matashin kai.

Malam Anselmo Brizuela likitan ƙwaƙwalwa ne, amma ba irin masu rubuta ƙwaya ba. A makarantarsa da ke nan Rosario, kwantar da majinyaci ake yi a katifa, a sa shi numfashi mai zurfi, a danna masa wuya da ƙirji da ciki har abin da ya daɗe yana haɗiyewa ya fito, ko da kuka ko da ihu ko da dukan katifar. Duk likitan da ke son takardar shaidar wannan aiki sai shi ma ya kwanta tukuna, kuma ba mai cewa ya isa sai Malam, da sa hannunsa. Itatí ta samu tata a shekara huɗu. Ofelia ta yi goma sha ɗaya tana kwanciya tana tashi har furfura ta cim mata. Takardarta na nan a cike, wurin sa hannun ne kawai fari fat. Don ta kusance shi ma ta kama gidan da ke kallon nasa a hawa na uku, sai ribar da ta ci ita ce ya daina ce mata Dakta, ya koma kiranta maƙwabciya.

"'Yata, hannunki akwai taushi," in ji tsohon, yana yi wa Itatí murmushi.

Ofelia ta ɗauki buta ta yi kicin. Wai 'yata. Ita kuwa da ke kwashe masa fo, maƙwabciya. Ta haɗiye kishinta kamar kullum, ta haɗa mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar, ta dawo da fara'arta.

Da Itatí ta sauka kantin magani, Ofelia ta zauna a bakin gado. Likitan huhu ya ce kwana biyu ko uku suka rage wa tsohon, ita ma likita ce, ta san bai yi ƙarya ba.

"Malam, maganar takardata."

Ya ɗago yatsu biyu da kyar ya danna gefen muƙamuƙinta. Sai da ta ji zafin har cikin kunne.

"Kamar dutse. Haushin wa kike ji?"

"Ba na jin haushin kowa."

"Shekara goma sha ɗaya, amsa ɗaya. Ko aku ya fi ki yawan kalmomi. Yaya zan ba ki izinin buɗe mutane, ke kina kulle?"

"Ba littafin da ban haddace ba. Naka na ƙarshe ma ni na gyara maka."

"Na sani. Ba ni ruwa, maƙwabciya."

Washegari da azahar ta shigo ta tarar da Itatí a kicin tana tace miyar kabewa. A kan tebur ga hatimin makaranta da makullan ofis, an ajiye su kusa da jakar Itatí.

"Jiya ya ba ni," in ji Itatí. "Wai ni zan riƙe makarantar. Ban so ki ji a bakin wani ba."

"Madalla. Allah ya taya ki riƙo."

"Ki je ki ɗan kwanta, Dakta, kin yi ƙoƙari ƙwarai. Ni zan zauna da shi." Ta goge hannu, ta matso, ta ɗora shi a kafaɗar Ofelia, ta danna da babban yatsa yadda aka koya musu su biyun. "Kai, nan ya ɗaure sosai. Ja numfashi. Sauke shi a hankali."

Da zaginta aka yi, da ta shanye. Wannan ne ta kasa.

"Cire hannunki a jikina! Ni za ki koya wa numfashi? Ina numfashi a katifar nan kina sakandare!" Murfin tukunya ya bar hannun Ofelia ya daki bango. "Ba na ƙaunarki, Itatí, ban taɓa ƙaunarki ba! Kin zo kin yi kukan minti biyar ya tafa miki. Ni na wanke masa kashi wata bakwai, ke kin shigo da furanni kin zama 'ya! Kishinki nake yi, kin ji? Takardarki, da gashin nan naki, da yadda yake kiran sunanki, duk ina kishi! Ko miyar nan kabewata ce!"

Mutanen hawa na biyu ko leƙowa ba su yi ba, shekara talatin suna jin ihu daga gidan nan. Itatí ta tsaya da matacin miya a hannu, baki buɗe. Sai suka ji wani abu daga ɗaki kamar tari. Suka ruga a tare, suka tarar dariya ce, irin wadda huhu ɗaya zai iya.

"Zo nan, Dakta Mansilla."

Sunanta ne, na takarda. Ta durƙusa, kunya na neman kashe ta. Ya sa yatsun nan biyu ya danna muƙamuƙinta, ba ta ji zafi ba.

"Kin gani? Ya saki. Jeki kawo takardar, maza, kafin ki sake komawa mutuniyar kirki."

Taku shida ne tsakanin ƙofarsa da tata, amma makulli ya ƙi shiga sai a karo na uku. Takardar kuma ta yi mata ajiyar da ta wuce kima: cikin leda saboda raɓa, cikin akwati, ƙarƙashin bargunan sanyi, can saman kabad. Sai da ta jawo kujera. Ta hau ta sauko da takardar, har ta kai ƙofa ta tuna da alƙalamin da ta saya musamman don wannan rana, ta koma ta binciko shi a aljihun tebur. Ta gwada a tafin hannu, tawadar ta bushe tun tuni. Ta wawuri biron da take rubuta cefane da shi ta fito.

Itatí na zaune a gefen dama na gadon, riƙe da hannunsa na dama. Injin iskar numfashi yana ta gurnaninsa shi kaɗai.

"Yanzun nan ya cika," in ji Itatí. "Bai ƙara cewa komai ba."

Kuka take yi, na gaske, har da majina, kuma ko wannan sai da ya ba Ofelia haushi. Itatí ta share fuska da gefen riga ta miƙo hannunta ɗaya.

"Na ji abin da ya ce da kunnena, Dakta. Hatimin yana wurina. Kawo in sa miki hannu."

Ofelia ta dubi farin wurin nan a ƙasan takardar. Ta hango sunan Itatí zaune a ciki, rataye a bangon ofishinta, tana ganinsa kowace safiya har ƙarshen ranta. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta.

Ta zagaya ta kashe injin, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar motoci daga titi. Ta jawo kujera gefen hagu ta zauna, ta ɗauki ɗaya hannun nasa, wanda ba mai riƙe da shi. Da sauran ɗumi.