Igiyar da Gatari Bai Taɓa Ba

Ranar da za a saki sabon jirgin yaƙi cikin ruwa, babu wanda ya zauna gida a garin Kure. Har masu sayar da kifi sun rufe rumfa. Jirgi ne mai ɗaukar jiragen sama, samansa shimfiɗe kamar fili, girmansa kuwa sai ka ɗaga kai har wuya ya yi maka ciwo.

Fusae ba jirgi ya kawo ta ba, igiya ce. Kowa ya san igiyar da ake sarewa da gatarin azurfa, jirgi ya sulale cikin ruwa, guntunta na sa mace ta haihu lafiya. 'Yarta Chizuru kuwa cikin fari ne da ita bayan dogon jira, ga shi ya tsufa. Mijin Fusae, Genzo, shi ke riƙe da ɗakin ajiyar kayan gyara na ma'aikatar ƙera jiragen, ya kuma yi mata alkawarin guntu.

Aka yi kiɗa, wani babban mutum ya ɗaga gatari ya sauke. Kwalba ta fashe a hancin jirgi, ƙyallaye masu launi suka zubo, wannan dutsen ƙarfe ya motsa. Fusae ta tafa har tafinta ya yi zafi, tana cewa a ranta haka jikanta zai fito, sumul.

Can sai ga Genzo yana ratsa mutane, baki har kunne, da wani abu ƙunshe cikin rigar aiki.

"Ungo. Wasu guntu za su samu, ke gaba ɗaya na kawo miki."

Ta buɗe. Igiya ce sabuwa fil, a naɗe, bakinta biyu a ɗaure tsaf.

"Baban Chizuru, ina wurin da gatari ya sara?"

"Ai wannan ta ajiya ce. Komai na jirgi biyu muke yi, ko ɗaya zai lalace. Kamfani ɗaya, kauri ɗaya, ba bambanci."

"Ba bambanci? Igiyar da ba ta saki komai ba zan kai wa mai ciki? So kake yaron ya zauna a ɗaure har ya fito da haƙora?"

"To ni dai a wurinmu..."

"A wurinku har mata ma biyu za ku ajiye da kun samu hali. Riƙe kayanka."

Ta tattare zani ta nufi dandamali, tana ture manya da gwiwar hannu. Kafin ta isa an gama rabo, matan manya sun kwashe. Guntu na ƙarshe kuwa yana hannun maƙwabciyarta Mitsuyo, tana ƙoƙarin cusa shi cikin jaka.

Fusae ta tsaya tana haki. Mitsuyo 'ya'yanta duk maza ne, babu ko mai budurwa.

"Ke Mitsuyo, wa zai haihu a gidanku? Kyanwa?"

"Yaya Fusae, rage murya."

"Ba ni guntun nan, don girman zaman tare. Ke ado za ki yi da shi."

Mitsuyo ta yi ja har kunne, ta ɗora hannu a cikinta. Fusae ta dubi hannun, ta dubi furfurar da ke leƙowa a goshin matar, ta tuna kwanan nan kullum tana sayen lemon tsami.

"Ke? Da babban ɗanki yana aske gemu?"

"Ko maigidan ban faɗa wa ba tukuna. In kin rufa min asiri, mu raba."

Suka raɓe bayan wata motar kaya, Mitsuyo ta warware igiyar da farce, ta miƙa mata sili guda, bakinsa da sarar gatari ɓaro-ɓaro. Fusae ta cusa shi cikin ƙirji, ta rantse da kabarin uwarta ba mai ji daga bakinta.

Ta kai wa Chizuru da gudu-gudu, ta ɗaura mata a ɗamarar ciki da hannunta. Alkawari kuma ta riƙe shi tsakani da Allah, har zuwa shagon mai awara da ke kan kwana. Mijin Mitsuyo a gidan wanka ya ji labari, mutane na ta yi masa barka yana tambayar ta mece ce.