Alkyabbar Shugaban Jami'a

Yayata gajeriya ce, kuma duk gidanmu ni kaɗai nake iya faɗar haka a gabanta in kwana lafiya. Ranar da gwamnati ta naɗa ta shugabar jami'a, mace ta farko tun da aka kafa makarantar, na ce mata sai a sayo mata matashi ta ɗora kan kujera. Ta jefe ni da takalmi.

Da safiyar ranar rantsarwa muna ofishinta, ni da Umma, sai magatakardan jami'a ya shigo rungume da alkyabbar biki, baƙa mai aikin zare ruwan zinariya. Ita ce wadda shugaban farko ya sa, duk waɗanda suka biyo bayansa ma ita suka sa. Hotunansu na jere a bango, dogaye kamar an zaɓo su da gangan.

Yaya ta zura ta. Hannuwanta suka ɓace, ƙasan rigar ya kwanta a kan kafet. Ta yi taku biyu ta yi tuntuɓe, sai da ta dafa tebur.

Dariyar da na shirya ta maƙale. Akwai matakala mai tsawo kafin a hau dandamalin zauren taro, kuma a sahun gaba akwai farfesoshin da suka rantse kujerar nan ta fi ƙarfin mace. In ta faɗi, hoton da za a riƙa tunawa da ita ke nan.

"Ranki ya daɗe, sai a sa mutum biyu su riƙe miki ta baya," in ji magatakarda.

"Ranar farko a ga ana riƙe ni?" Yaya ta ce. "Umma, akwai almakashi a jakarki?"

Umma ba ta fita ko'ina babu almakashi da allura, ko asibiti za ta. Magatakarda ya haɗa gumi.

"Kayan tarihi ne fa. Wanda zai gaje ki kuma ya yi yaya?"

"In dogo ne ya zo gida, Umma ta yi masa ƙari. Za mu ajiye ƙyallen."

Yaya da kanta ta yanke. Umma ta zauna a kujerar shugaba, ta gyara tabarau ta shiga kalmasa bakin rigar, tana mita wai ɗinkin asali ma ba wani na kirki ba ne. Ni aka bar wa zura zare a allura, ana ta ce min makaho.

Da aka kira sunanta, Yaya ta hau matakalar nan kai tsaye, ba ta ko kalli ƙafarta ba. Ɗalibai mata da ke can baya suka fara miƙewa, sannan sauran zauren, har 'yan sahun gaba, ko da yake wasu sai da suka waiwaya tukuna. Na ji alfahari ya cika min ƙirji har na kasa tafawa. Umma kuwa ƙasan rigar kawai take kallo, kada ɗinkinta ya ba ta kunya.

Yaya ta gama wa'adinta tuntuni. Ƙyallen yana nan cikin akwatin Umma, ba wanda ya zo nema. Wadda ta gaji Yaya ma ba ta fi ta tsawo ba.