Jar Robar Sallau

Sallau yana goge hannu da tsumma sai ga motar Ɗantala ta shigo gareji tana rarrafe, ba fasinja ko ɗaya, alhali ranar kasuwa ce a Tibiri. Sai da Ɗantala ya ja birkin hannu sannan ta yarda ta tsaya, saura kaɗan ta ture bencin mai shayi.

"Birki na," in ji Ɗantala yana fitowa. "In na taka, ƙahwa har ƙasa. Sau ukku nike ƙara mai tun shekaranjiya."

"Halan ɓatan hanya kay yi? Garejin masu na'ura can yake bakin kwalta."

"Daga can nike. Luƙman ya leƙa ƙarƙashi, yac ce in kawo maka. Kuma kada in ɗauki kowa bisa hanya."

Wani daɗi ya ratsa Sallau tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Luƙman ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya masa riƙon sufana. Ya tafi Yamai shekara huɗu, ya dawo Dogon Dutsi da wata na'ura da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, da riga mai sunansa a ƙirji, da Faransanci a baki. Kafin a yi damina biyu direbobin tasha duk sun koma garejinsa, har da Ɗantala. Ko mahaifiyarsu, in baƙi sun tambayi 'ya'yanta, sai ta ce akwai Luƙman injiniya, akwai kuma yayansa. Shekara ashirin da biyu Sallau yana kwance ƙarƙashin motocin garin nan, a ƙarshe ya zama "yayansa". Kishi yake yi, ya san kishi ne, kuma sanin bai rage masa komai ba.

"Zakariya," ya kira mai shayi da muryar da za ta kai har titi, "aje buta ka taho. Ku ma ku matso. Yau na'ura ta kasa, an tuna da tsoho."

Direbobi uku suka taso da kofunansu. Sallau ya buɗe kwanon man birki, ya ga saura ɗan kaɗan a gindi. Ya cika shi. Ya shafa wajen da fedal ke turawa, a bushe. Ya bi cikin tayoyin huɗu da yatsa, yana shinshinawa, nan ma ba jiƙa. Sai ya yage buhunan siminti ya shimfiɗa takardar a ƙarƙashin motar daga gaba har baya, kamar mai shanyar gero.

"Wagga ita ta na'urata," ya ce, aka yi dariya. "Ɗantala, hau ka taka. Taka, taka, riƙe."

Aka zuba wa takarda ido. Can sai ɗigo ɗaya ya faɗo ta baya, gefen hagu, ya yi baƙin tabo. Wani ya biyo shi.

"Kun gani? Mota ba ta ƙarya, sai dai in ba ka jin yarenta."

Ya ɗaga ta da jak, ya kwanta rigingine ya shige. A ransa har ya gama tsara yadda zai yi da ruɓaɓɓen tiyon man birkin: zai bar shi a teburin Zakariya mako guda, duk wanda ya zo shan shayi ya gani, ya tambaya. Ya bi tiyon ƙarfen da hannu har inda ya ratsa kusa da sifirin. Nan yatsansa ya taɓa wani abu mai laushi, jiƙe sharkaf. Ya kankare laka da farce.

Jar roba ce ta tsohon tib na cikin taya, an naɗe ta an yi mata ƙulli biyu.

Duk tasha ba wanda bai san jar robar Sallau ba. Shi kaɗai ke amfani da ita, yana ma alfahari da ƙullinsa da ba ya kwancewa. Ya tuna ranar sarai. Daminar bara ce, tiyon yana gugar ƙarfe, maƙalin da ke riƙe shi ya karye, ana kiran sallar la'asar, sai ya naɗe da roba ya ce gobe a dawo ya sa sabon maƙali. Goben ba ta zo ba. Ruwa da yashi suka samu wurin kwana a cikin robar, tsatsa ta ci ƙarfen har ta huda shi. Motar da ke ɗaukar mutum goma sha tara, mata da buhuna da awaki, tana gangarowa kan hanyar Dumega da wannan.

Kuma Luƙman ya gani. Ba yadda za a yi mutum ya leƙa nan bai gani ba. Aikin rabin awa ne, yana da tiyo sabo a shago, ga direbobi cike da garejinsa da za su kalli robar a hannunsa su gane mai ita. Sai ya mayar da lakar ya rufe, ya ce a kai wa yaya.

"Maigida, ka mutu can ciki?" in ji Zakariya.

"Miƙo min sufana mai goma."

Ya yanke robar ya cusa a aljihun wando kafin ya kwance tiyon. Ya sa sabo, ya nemo maƙali na gaskiya ya ɗaure. Sannan suka fitar da iska taya bayan taya, Ɗantala yana takawa yana riƙewa, shi yana sassauta ɗan noti har mai ya fito ba kumfa. Fedal ya yi tauri. Aka canja takarda, aka taka sau ashirin, ba ɗigo.

"Wallahi tsohon hannu daban na," in ji ɗaya daga direbobin. "Gobe ni ma nan zan kawo tawa."

Maganar da ya shekara biyu yana jira ke nan, ta zo kuma ba ta da ɗanɗano ko kaɗan.

Ana cikin haka sai ga Luƙman a kan babur, rigar nan tasa fes. Bai sauka ba, ya dai kafa ƙafa ɗaya a ƙasa ya rusuna.

"Yaya, an samu?"

"An samu."

"Ai na san sai kai. Ni ban ga komi ba."

Ya faɗa a gaban kowa, ko idonsa bai kai aljihun Sallau ba, ya ja babur ya wuce. Direbobi suka bi shi da dariya, Zakariya har da tafi.

Sallau ya tsaya yana kallon bayansa. Man birki ya ratso aljihun yana jiƙa masa cinya. Na'urar, da rigar, da Faransancin, duk yana jin wata rana zai iya yafe wa yaron nan. Wannan rufin asirin kam bai ga ranar yafe shi ba.