Ranar da Sista Ta Nemo Aku

Yabo ya tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai warkarwa, wanda ya gudanar da jini a jijiyar jinjiri ba tare da sanin jinjirin ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, ka daidaita mana harshe.

Bayan haka, a sashen yara na wani babban asibiti akwai ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista. Shekara biyar tana riƙe da fayil ɗin yara arba'in masu sankarar jini, waɗanda iyayensu suka amince, suka sa hannu, aka gwada musu sabon tsarin magani. Ranar Alhamis za a rufe binciken. Talatin da biyu an gan su da rai da lafiya, bakwai Allah ya karɓi abinsa. Saura ɗaya, yarinyar da ake wa laƙabi da Aku saboda surutunta, wadda Sista ta sha goyawa a baranda lokacin da magani ya zubar mata da gashi. Shekara biyu ke nan ba a ga ƙeyarta ba, lambar wayar mahaifinta kuma ta daina shiga.

"In ba mu gan ta mun auna jininta ba," in ji babbar likita, "dole mu rubuta cewa ba a san makomarta ba. Ni ba na rubuta abin da idona bai gani ba."

Abin da Sista ta sani game da mahaifin bai wuce cewa kafinta ne ba. Talata da hantsi ta shiga layin kafintoci, tana leƙa shago bayan shago, garin katako na manne mata a farin takalmi. Ba ta san ko gaisuwa za ta yi ko ta'aziyya ba. A shago na tara ne ta ji wata murya daga bayan tulin katako.

"Baba, wallahi ƙafar kujerar nan ta fi 'yar'uwarta tsawo! Wa zai zauna a kai, gurgu?"

Sista ta dafa bango. Muryar ta girma, amma saurin bai canza ba. Ta zagaya da gudu, sai ga budurwar yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, riƙe da tef ɗin awo, kitso ya sauko har kafaɗa.

"Allahu Akbar! Aku, ke ce?"

"Sista mai allura!" Yarinyar ta yi wurgi da tef, ta ɗane ta, har suka kusa faɗuwa kan gwangwanin gam.

Mahaifinta kuwa da ya ga fararen kayan asibiti, zarto ya suɓuce masa. Ya janye 'yarsa, ya tsaya tsakaninsu.

"Sista, don girman Allah ki koma. Yaron da gadonsa ke kusa da namu, lafiya lau aka mayar da shi awo, aka ce ciwo ya dawo. Bai yi wata uku ba. Tawa tana gudu, tana ci, tana hana ni sakat. Me zan je nema?"

Sista ta goge idanunta da bayan hannu. "Ɗan'uwana, awon bai kawo wa yaron nan ciwo ba, gano shi ya yi. Ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Amma yau akwai yara goma sha ɗaya kwance a sashen, iyayensu kullum suna tambayata ko akwai wanda ya taɓa tashi. Likitoci kuma ba za su san amfanin maganin da aka ba 'yarka ba sai an faɗi gaskiyar kowane yaro, har da ita."

"In kuma aka ga wani abu fa?"

"Sai mu tare shi da wuri, tare da kai, kamar wancan karon."

Ya murza garin katako tsakanin yatsunsa. Aku ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Sista, ƙyale shi. Shi ne mai tsoron allura. Ni ake soka, shi yake rufe ido."

Kafintocin da suka taru a ƙofa suka kwashe da dariya. Mahaifin ma bai san lokacin da ya dara ba. Ya kaɗe rigarsa, ya ce da maƙwabcinsa, "Riƙe min shago."

Aka ɗebi jinin a ranar. Alhamis da safe suka dawo. Kafinta ya kasa zama, sai kaiwa da komowa yake yi a gaban ofis, leɓɓansa na motsi da salati. Sista ta fito daga ɗakin awo da takarda a hannu, tafiya ta koma sassarfa, sassarfar ta koma gudu, abin da ita kanta take hana yara a barandar. Babbar likita ta karɓa, ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Malam, jinin 'yarka tas yake. Babu ko alama."

Nan take ya faɗi ya yi sujada a kan daɓen, kafaɗunsa na rawa. Iyayen da ke jinya suka cika ƙofa suna kabbara, wata na ɗaga ɗanta don ya gani. Likita ta buɗe fayil, ta miƙa wa Sista biro.

"Ke kika nemo ta. Rubuta da hannunki."

Sista ta rubuta: tana raye, lafiya lau.

Ya Allah, ka jiƙan yaran nan bakwai da suka riga mu, ka sanya su masu ceton iyayensu, ka gafarta wa dukkan mamatanmu. Wanda ya karanta wannan, ka ba shi lafiya da shi da zuriyarsa, ka kyautata ƙarshensa. Amin.